Daga "disagree" zuwa "defy": yadda Turanci ya rarraba kalmar "ƙi"

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiyar taimakon kai da kai ta malaman makaranta, kuma da Turanci muke rubuta bayanin taro. A zaman da ya gabata shugaba ya kawo shawarar a ƙara kuɗin da muke zubawa duk wata. Wani dattijo ya tashi ya ce shi bai gamsu ba, kuma da aka zo sa hannu bai sa ba. Sai na rubuta: *He defied the chairman and denied to sign.* Da aka karanta a zama na gaba ransa ya ɓaci, ya ce na yi masa sharri. Wani kuma ya ce Turancin ma ba daidai ba ne. Don Allah a bambance mini *disagree*, *object*, *oppose*, *refuse*, *reject*, *deny* da *defy*. Ni dai a wurina duk 'ƙi' ne."

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Dattijon yana da gaskiya, wanda ya soki Turancin ma yana da tasa. Abin da kake nema shi ne yadda za ka zaɓi kalmar da ta yi daidai da abin da mutum ya aikata, ba tare da ka ɗora masa laifin da bai yi ba, kuma ba tare da jimlar ta karye ba.

Kalmar "ƙi" tana da faɗi a Hausa. Ya ƙi zuwa, ya ƙi tayin, ya ƙi maganar, ya ƙi umarni, duk da kalma ɗaya, mai sauraro ne yake gane nauyin abin daga yadda zancen ya zo. Ba wai Hausa ba ta da sauran kalmomin ba ne. Muna da musu, musantawa, adawa, turjiya, bijirewa, tawaye. Sai dai "ƙi" tana iya zama a madadinsu duka, ba wanda zai ce ka yi kuskure. Turanci ba shi da irin wannan kalma mai ɗaukar kowa. Dole ka tsaya ka tambayi kanka abu biyu kafin ka rubuta. Me aka ƙi: ra'ayi ne, ko shiri, ko tayi, ko zargi, ko umarni? Sannan wanda aka ƙi wa, yana da ikon tilastawa ko ba shi da shi? Bayan wannan akwai abu na uku da yake kayar da ɗalibai a jarrabawa: wasu daga cikin kalmomin suna da 'yar ƙaramar kalmar da take rakiyarsu, kuma ba sa aron ta juna.

Saɓanin ra'ayi

Mafi sauƙi ita ce *disagree*. Tana nufin abin da ke ranka ya saɓa da abin da ke ran wani, ba ta nuna ka ɗauki wani mataki ba. Da mutum, ko da abin da ya faɗa, ake yin ta da *with*, a kan batu kuma da *on* ko *about*: *I disagree with the treasurer on this point.* Aikatau ce da kanta, ba ta buƙatar *am* ko *is* a gabanta. *I am disagree* da *I am not agree* kuskure ne, kuma ya fi yawa a bakin waɗanda suka fara da Faransanci, kamar 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, domin a Faransanci da aikatau na kasancewa ake gina wannan jimla. Daidai shi ne *I disagree* ko *I don't agree*.

*Object* ta ɗara ta da mataki ɗaya: ka buɗe baki ka faɗa, a lokacin, cewa ba ka amince a yi abin ba. Mutum zai iya *disagree* yana zaune shiru har a tashi taro, amma ba zai *object* a cikin zuciyarsa ba. Abokiyar tafiyarta *to* ce, kuma a nan ne tarkon yake, domin wannan *to* ba irin ta *want to go* ba ce. Abin da ke binta suna ne, ko aikatau mai *-ing*: *He objected to the increase*, *He objected to paying more*. Idan ka rubuta *objected to pay* ka karya ta. Sunanta *objection*, ita ce lauya yake tashi ya faɗa a kotu, alƙali kuma ya ce *sustained* idan ya karɓa, ko *overruled* idan ya yi watsi da ita.

Akwai kuma *dissent*, wadda ta fi kowace dacewa da aikin sakatare amma ba a cika amfani da ita ba. Ita ce saɓa wa abin da mafi rinjaye suka tsaya a kai, daga cikin gida, kuma bisa ƙa'ida. Misalin da masu bibiyar siyasa za su tuna shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na Disambar 2008 a kan zaɓen shugaban ƙasa na 2007, inda alƙalai huɗu suka tabbatar da zaɓen Umaru Musa 'Yar'adua, uku kuma, wato George Oguntade da Aloma Mukhtar da Walter Onnoghen, suka saɓa. Abin da ukun nan suka rubuta shi ne *dissenting judgment*. Ba wanda zai ce sun yi wa kotu tawaye. Haƙƙinsu ne, kuma a cikin kundin shari'ar aka ajiye shi.

Adawa

*Oppose* ba a kan ra'ayi kawai take tsayawa ba, ƙoƙari ne na hana abu faruwa: ka yi magana, ka jawo mutane, ka jefa ƙuri'a. Shiri ake *oppose*, ko doka, ko ɗan takara. Ba ta ɗaukar rakiya ko kaɗan: *They opposed the bill.* Kada ka sa *to* ko *against* a bayanta. Amma idan ka juya ta zuwa sifa ko suna, sai *to* ta dawo: *They are opposed to the bill*, *their opposition to the bill*. Wannan juyi ne yake rikita mutane har su rubuta *They opposed to the bill*, wanda bai zama wannan ba bai zama wancan ba. A muhawarar makaranta, da kuma tambayar rubuta jawabi ta jarrabawar WAEC, ɓangare ɗaya *propose* ko *support* yake yi wa batun, ɗayan kuma *oppose*.

Kusa da ita akwai *resist*, turjiya ga abin da ake son tursasa maka ko wanda ya riga ya taho: *resist arrest*, *resist change*. Sai *challenge*, *dispute* da *contest*, waɗanda duk suke nufin ka ce abu ba daidai ba ne kuma kana neman a sake dubawa. Ka lura da *contest* sosai. *He contested the election* yana nufin ya tsaya takara. *He contested the result* yana nufin ya ƙalubalanci sakamakon. Kalma ɗaya ce ta canza a ƙarshen jimlar, ma'ana ta juya.

Refuse, reject, decline, deny

A nan rabin kuskurenka yake, don haka bari mu daɗe kaɗan.

*Refuse* ita ce "ƙi" ta aiki: an nemi ka yi abu, ka ce ba za ka yi ba. Tana ɗaukar *to* da aikatau tsura: *He refused to sign.* Tana kuma ɗaukar suna idan tayi ne ko kyauta: *She refused the money.* *Decline* ƙanwarta ce mai ladabi. Aikin ɗaya ne, amma mai rubutu yana nuna an ƙi cikin mutunci: *He declined to sign*, *She declined the invitation*. Shi ya sa 'yan jarida suke rubuta *declined to comment* idan jami'i ya ce ba zai ce komai ba, su ajiye *refused to comment* ga wanda suke son mai karatu ya ji kamar yana ɓoye wani abu. A zance na yau da kullum *turn down* tana yin aikin *decline*.

*Reject* watsi ne da abin da aka gabatar maka bayan ka duba shi ka ga bai yi ba: takardar neman aiki, shawara, sakamakon zaɓe, kayan da aka kawo ba su cika ƙa'ida ba. Suna kaɗai take ɗauka. Babu *reject to do* a Turanci.

*Deny* kuwa ba ta cikin wannan dangi, ko da yake ana yawan cusa ta. Ma'anarta ta farko musantawa: an ce ka yi, ka ce ba ka yi ba. *He denied the allegation. He denied taking the money. He denied that he was there.* Ma'anarta ta biyu hanawa: *They were denied entry*, an hana su shiga. A duk biyun ba ta ɗaukar *to* da aikatau. Saboda haka *denied to sign* karyayyiya ce. Kuma da wani zai "gyara" maka ita zuwa *denied signing*, da ya ƙara ɓata lamarin, domin wannan na nufin dattijon ya musanta cewa ya sa hannu, kamar an ga sa hannunsa ne ya ce ba nasa ba ne.

Tun da mun zo nan, a bambance *deny* da *refute*. A asalin ma'anarta *refute* ita ce ka rushe zargi da hujja, ka nuna ƙarya ne. *Rebut* ita ce ka kawo hujjar mayar da martani, ko ta yi nasara ko ba ta yi ba. *Deny* kuwa faɗa ce kawai. Jaridu da yawa suna sa *refute* ko *debunk* a inda mutum bai yi komai ba sai cewa "ƙarya ne". A bayanin taro kada ka bi su. Idan ka rubuta cewa ma'aji ya *refuted* zargi, ka yanke hukunci ke nan cewa ya wanke kansa, alhali ba aikinka ba ne.

Bijirewa

*Defy* kalma ce mai nauyi, kuma sai abubuwa uku sun haɗu take zama daidai: akwai umarni ko doka, wanda ya ba da shi yana da iko a kanka, kai kuma ka take shi a fili da gangan, kana sane da abin da zai biyo baya. Misalin da ya fi fito da ita shi ne gangamin da jam'iyyar ANC da ƙungiyar Indiyawan Afirka ta Kudu suka fara ranar 26 ga Yunin 1952, wanda sunansa ma *Defiance Campaign*. Masu sa kai suka riƙa shiga ta ƙofofin da aka keɓe wa fararen fata, suna karya dokar hana fita, da nufin a kama su, har aka tsare mutum sama da 8,000. Wannan shi ne *defiance*. Sifarta *defiant*, kuma akwai *in defiance of*: *They marched in defiance of the ban.*

Yanzu ka auna da abin da ya faru a taronku. Shugaba shawara ya kawo, ba umarni ba. Dattijon memba ne mai haƙƙin magana, kuma a zauren da aka tanada don magana ya yi ta. Babu ko ɗaya daga sharuɗɗan nan uku. Ka ɗauki mutumin da ya ce "ban gamsu ba" ka rubuta shi a kundin ƙungiya a matsayin wanda ya yi fito-na-fito da shugabanci. Abin da ya kamata a rubuta shi ne: *One member objected to the proposed increase and declined to sign.* Idan ya nemi a rubuta matsayinsa, sai ka ƙara: *He asked that his objection be placed on record.* Idan ƙuri'a aka jefa, ka kawo adadi kawai, wa ya *voted against*, wa ya *abstained*, wato ya ƙaurace bai goyi bayan kowa ba.

Dangin *defy* kowanne da wurinsa. *Disobey* ƙin bin umarni ne, ko a ɓoye ko a sarari, ba lallai da tsaurin ido ba. *Flout* yin biris da doka ne cikin raini, kamar mai mota da yake bin hannun da ba nasa ba a gaban jami'i: *flout traffic rules*. Kada ka haɗa ta da *flaunt*, wadda take nufin nuna abu don fariya. *Insubordination* rashin biyayya ne ga na gaba da kai a wurin aiki, kuma a dokokin aikin gwamnati na Najeriya tana cikin laifuffukan da ake ba ma'aikaci takardar tuhuma a kansu. *Contempt of court* raina kotu ne, yana iya kai mutum gidan yari. *Mutiny* ta sojoji ce da ma'aikatan jirgin ruwa idan suka juya wa kwamandojinsu baya. Waɗannan ukun na ƙarshe sunayen laifi ne, ba kalmomin ado ba, kada su shiga takarda don kawai suna da daɗin ji.

Idan abin ya zama na jama'a, kalmar da marubuci ya zaɓa takan nuna ɓangaren da yake. Abin da ya faru a Indiya a 1857 Turawan Ingila *mutiny* suka kira shi, Indiyawa da yawa kuma suna kiransa yaƙin neman 'yanci na farko. Tashin matan kudu maso gabashin Najeriya a 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta rubuta shi *Aba riots*, masana tarihi na baya suka fi son *Women's War*. Haka abin da ya faru a Satiru kusa da Sakkwato a 1906, za ka gan shi a matsayin *rebellion*, ko *uprising*, ko a ƙarƙashin babin *resistance*. *Riot* tana nuna hargitsi marar tsari, *rebellion* da *revolt* suna ɗauka cewa akwai hukumar da aka tayar wa, *resistance* kuma tana ba masu yin abin gaskiya. Ɗalibin tarihi ya san wannan kafin ya kwafi kalmar da ya tarar a littafi.

Sauran ba su da wahala. *Protest* zanga-zanga ce ko nuna rashin amincewa. A Ingila *protest against the decision* ake cewa, a Amurka sukan jefar da *against*. *Boycott* ƙauracewa ce, daga sunan Charles Boycott, wani wakilin mai gonaki a ƙasar Ireland da manoma suka daina hulɗa da shi a 1880. *Veto* ita ce hawa kujerar na-ƙi. A tsarin mulkin Najeriya na 1999, sashe na 58, idan shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu a kan ƙudiri ana cewa ya *withheld assent*, majalisun biyu kuma suna iya *override* da kashi biyu cikin uku, kamar yadda suka yi wa Obasanjo a 2000 a kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta.

Faɗar rashin yarda ba tare da ɓata wa mutum rai ba

A takardun da ake kawowa gyara, matsalar da ta fi yawa bayan ta nahawu ita ce ta murya. Mutumin da a Hausa ba zai taɓa ce wa babba "ƙarya kake yi" ba, sai ya rubuta *You are wrong* ko *That is a lie* a wasiƙar ofis, domin su ne ya fara koya. Turanci ma yana da nasa "Allah ya gafarta Malam, a nawa ɗan ganin". Daga mai taushi zuwa mai ƙarfi: *I'm not sure about that*, *I see your point, but*, *I have some reservations about this*, *I'm afraid I can't agree*, *I beg to differ*, *I strongly disagree*. Kalmar *afraid* a nan ba tsoro ba ne, tausasawa ce kawai. *Take issue with* na nufin ka saɓa wa wata magana kuma za ka kawo dalili, ta dace da rubutun ilimi. *Take exception to* kuwa na nufin maganar ta ɓata maka rai, don haka kada ka musanya su.

Ina ba da shawarar a rage *with all due respect*. A Najeriya ana faɗinta da zuciya ɗaya, amma a kunnen Baturen Ingila sau da yawa alama ce ta cewa magana mai zafi na tafe. Ya fi kyau ka soki batun ka bar mutumin: *I disagree with the figure* ta fi *I disagree with you* sauƙin haɗiya.

Haka kuma kada ka ɗauko Turancin kanun jaridu ka kai cikin bayanin taro. *Kicks against*, *slams*, *flays*, *knocks*, *dares*, duk an zaɓe su ne don gajarta da jan ido. A jarida ba laifi, a kundin ƙungiya kuwa tamkar zuba yaji a kunu ne.

Abubuwa biyu na baki

Na farko amsar tambaya mai korewa. A Hausa idan aka ce "Ba ka yarda ba?" ka ce "E", ka tabbatar ke nan cewa ba ka yarda ba. A Turanci amsa tana bin gaskiyar lamarin ne, ba siffar tambayar ba. Idan aka ce *Don't you agree?* kuma ba ka yarda ba, *No, I don't* za ka ce. Idan ka ce *Yes*, za a rubuta ka cikin waɗanda suka amince. A taro ko a gaban hukuma kada ka tsaya a kalma ɗaya, ka cika jimlar.

Na biyu wurin da ƙarfin murya yake faɗawa. *Object*, *reject*, *protest*, *rebel*, *contest* da *refuse* duk suna iya zama suna ko aikatau. Idan suna ne a gaɓar farko ake dannawa, idan aikatau ne a ta biyu. Wani lokaci ma'anar ma takan tashi gaba ɗaya: *object* mai nauyi a farko "abu" ne, *refuse* mai nauyi a farko kuma "shara". A rubutu kuma ka riƙa duba *defiantly* da *definitely*, domin waya takan mayar da ɗaya ɗayar, mutum ya so ya ce "tabbas zan zo" ya aika da "zan zo cikin tsaurin kai".

Wannan bayani na harshe ne, iyakarsa ke nan. Kalmomi irin su *insubordination*, *contempt* da *under protest* (yin abu kana bayyana cewa ba ka amince da shi ba) suna da ma'anar da doka ta ƙayyade musu, don haka idan takarda ta shafi ladabtar da ma'aikaci ko za ta je kotu, lauya ya gan ta kafin a sa hannu. Don aikin yau da kullum kuwa ƙamus na masu koyon Turanci, irin wanda yake kawo jimlolin misali a ƙarƙashin kowace kalma, ya fi ƙamus mai fassara kalma da kalma amfani, domin a cikin misalan ne za ka ga ko *to* ce take biye, ko *with*, ko *-ing*, ko ba komai. Game da kundinku, ƙa'ida ita ce a zama na gaba wani ya gabatar da buƙatar gyara bayanin taron, a amince, ka soke tsohon layin da zare ɗaya yadda za a iya karanta shi, ka rubuta sabon a gefe, shugaba ya sa hannu da kwanan wata.